Abin da Ya Ƙona Kwamfutar Junaid

Rufa'i ya zo N'Djamena daga Kano yana da shekara talatin da huɗu, da jakar kayan aiki ɗaya da lambar wayar wani ɗan unguwarsu mai sayar da atamfa. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma ya iya. Ya bar matarsa Ramatu a gidan iyayenta, da alkawarin zai aiko mata da zarar ƙafarsa ta tsaya. Ya samu wani ɗan shago a unguwar Bololo, tsakanin wani tela da wata dattijuwa mai sayar da shayi. Matsalarsa ɗaya ce: baki. Larabcin garin bai san ko gaisuwa a cikinsa ba, Faransanci kuwa sai 'yan kalmomin da yake gani a fuskar kwamfuta. Da hannu yake ciniki, da murmushi yake ba da haƙuri.

Shi ya sa ranar da Junaid ya shigo shagon da waya mai fasasshen gilashi ya yi masa sallama da Hausa, Rufa'i ya ji kamar an buɗe masa taga. Junaid haifaffen garin ne, autan wani gidan dillalan shanu da ke unguwar Goudji. Mahaifinsu ya rasu, yayyensa ke riƙe da harkar, mahaifiyarsu Hajiya Hansatu ke riƙe da gida, shi kuma ba ya riƙe da komai sai waya da makullin babur. Yana da fara'a da saurin sabo. Cikin mako biyu ya mai da bencin shagon wurin zamansa, yana kiran Rufa'i Injiniya, yana koya masa Larabci kalma-kalma: yadda ake tambayar lafiya, yadda ake cewa an gode, yadda ake tsayar da ɗan kalando, wato mai babur ɗin haya.

Wata safiya ya ce masa lokaci ya yi da zai gaida maƙwabciyarsa mai shayi gaisuwar girmamawa irin ta 'yan gari. Ya koya masa wata doguwar jimla, ya sa shi ya maimaita har sau goma, yana gyara masa lafazi. Rufa'i ya gyara hularsa, ya je gaban matar a lokacin da bencinta ya cika da masu karin kumallo, ya ɗan rusuna, ya faɗi jimlar da ƙarfi don ta ji da kyau.

Matar ta aje butar shayi, ta cire takalminta, ta zabga masa a fuska. Ta ƙara masa a kai, hular ta faɗi cikin kwata. Yana ja da baya yana ba ta haƙuri da Hausa, ita tana bin sa tana zagi, mutane suna dariya har wani ya ƙware da shayi. Junaid yana tsallaken titi, wayarsa a ɗage.

Telan ne ya gaya masa daga baya, da guntuwar Hausarsa, abin da jimlar ke nufi. Magana ce ta batsa wadda ko mahaukaci ba zai faɗa wa sa'ar uwarsa ba. Kafin azahar bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. Cikin mako guda ya isa Kano. Ramatu ta kira shi muryarta a dashe, ta ce ƙannenta sun nuna mata, kuma babanta ya tambaya ko shaye-shaye ya fara a can. 'Yan kalando suka riƙe jimlar, duk wanda zai wuce sai ya rage gudu ya jefo ta cikin shagon.

Bayan kwana uku Junaid ya dawo da gasasshen nama a takarda, yana dariya tun daga bakin ƙofa. Ya ce wasa ne, haka ake yi wa kowane baƙo, kuma ai yanzu duk Bololo an san shagon. Rufa'i ya ce ba komai. Ya ci naman. Ya ma yi dariya da aka sake kunna masa bidiyon. Shi baƙo ne, takardunsa ba su gama kammala ba, Junaid kuwa babu ofishin da ba shi da ɗan'uwa a ciki. Ya haɗiye abin, abin kuma ya zauna masa a ƙirji bai narke ba.

Wata biyar bayan haka, a farkon Maris, Junaid ya zo da kwamfuta a bayan mota. Irin ta 'yan wasa ce, gefenta gilashi, cikinta fitilu masu sauya launi, ga katin hoto, wanda ke sarrafa hotunan wasa, ƙato kamar bulo. Amma da Rufa'i ya leƙa sai ya ga wanda ya haɗa ta ya zuba ƙarfinsa duka a kan abin da ido ke gani. Furosesar, wadda ita ce ƙwaƙwalwar injin, mafi arha ce a jerin 'yan'uwanta. Allon da take zaune a kai shi ma na talaka ne, fankarta ƙarama. Junaid ya ce wasan harbe-harben da yake yi da abokansa ta intanet yana sarƙewa duk lokacin da faɗa ya yi zafi, ana kashe shi kafin hoton ya motsa, har sun sa masa suna. Wani ya gaya masa akwai abin da ake kira obaklok, a matsa wa ƙaramar furosesa ta yi gudun babba.

Rufa'i ya yi masa bayani tsakani da Allah. Ya ce masu ƙera ta sun yanka mata gudun da za ta iya ɗauka ba wahala, ana iya ƙara mata, amma kowane ƙari yana son ƙarin wuta, ƙarin wuta kuma zafi ne. Ya ce garin nan ba garin sanyi ba ne, ga bazara ta ƙarato. Junaid yana danna waya, bai ji rabi ba.

“Kai dai ka matsa mata, Injiniya. Idan ta yi gardama ka cire takalmi.”

Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce zai dawo jibi.

Ranar farko Rufa'i aikin gaskiya ya yi, har ya ji daɗinsa, don an daɗe ba a kawo masa aikin da ya wuce canza gilashi da goge ƙwayar cutar kwamfuta ba. Ya cire fankar, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesar da ƙarfen sanyaya, ya shafa sabo. Ya shiga bayos, ɗakin saitin da ke buɗewa kafin komai ya tashi a kwamfuta. Yana ƙara gudun mataki ɗaya, ya kunna manhajar gwaji ta wahalar da injin rabin awa, idonsa a kan ma'aunin zafi. In ta daskare, ya ƙara mata wuta ɗan ƙanƙani, ya sake gwadawa. Daga gudun uku da ɗigo shida ya kai ta huɗu da ɗigo ɗaya. Nan ta tsaya daram, zafinta bai kai inda ake tsoro ba. Ya san nan ne iyakarta. Da ya bar ta haka, da ta yi shekaru tana aiki.

Washegari da hantsi yana ɗaura murfin sai wani ɗan kalando ya rage gudu a ƙofar shagon ya jefo jimlar nan, fasinjarsa mace ta rufe baki da mayafi tana dariya. An yi wata biyu ba a yi masa ba, har ya ɗauka an manta. Ya tsaya da sukudireba a hannu na ɗan lokaci. Sai ya aje ta, ya jona kwamfutar, ya koma bayos.

Ya kai gudun huɗu da ɗigo biyar. Don ta iya tsayawa a nan, ya ɗura mata wutar da shi kansa bai taɓa ba wata furosesa ba. Ya ɗaga iyakar zafin da injin ke rage gudu don ceton kansa har ƙarshen abin da allon ya yarda. Ya kashe ƙararrawar gargaɗi. Ya rage juyin fanka, yadda za ta riƙa aiki shiru kamar mai barci. Ya san ba ranar za ta mutu ba, ba kuma a makon ba. Ƙananan sassan da ke shayar da furosesar wuta za su riƙa dahuwa a hankali, zafin Afrilu ya ƙarasa sauran. A lokacin babu wanda zai tuna da hannunsa.

Junaid ya kira shi da yammar ranar da ya ɗauke ta, yana ihu don murna. Ya ce wasan yana tafiya sumul, ya kashe mutum goma sha ɗaya a zama ɗaya, ga shi ko ƙarar fanka babu. Ya fara turo masa abokansa da nasu injinan. Rufa'i ya yi musu aiki mai kyau, kowa daidai ƙarfin injinsa. Kullum in rana ta take, kwanon shagon ya fara ƙara don zafi, sai ya tuna da kwamfutar da ke Goudji ya ji wani sanyi a ransa.

Mako bakwai ta yi. Ranar wata Alhamis bayan azahar Junaid ya kira, muryarsa ba wasa, ya ce ya hau kalando ya zo gida yanzu.

Rufa'i bai taɓa shiga gidan ba. Aka wuce da shi har falon Junaid. Tun daga ƙofa ya ji warin ƙonannen roba. Hajiya Hansatu tana zaune a kujera da carbi, doguwar mace mai furfura a gira. A jikin bango wata matashiya tana tsaye, idanunta sun kumbura. Ita ce Wasila, matar Junaid, 'yar aminiyar Hajiya, shekararsu biyu da aure. Rufa'i ya taɓa jin Junaid yana ƙorafi a kanta a benci, wai ta cika kai ƙararsa wurin Hajiya a kan yana wuni gaban kwamfuta. A kan teburi ga kwamfutar nan, an lulluɓe ta da wani shuɗin mayafi mai aikin zare a gefe, ya rufe ta har ƙasa.

Junaid ya ce ya bar ta a kunne tana sauke sabon wasa, ya fita masallaci, ya dawo ya tarar da ita haka, a rufe, tana hayaƙi. Ya ce Wasila ta sha faɗa da bakinta cewa wata rana sai ta ga bayan injin nan. Wasila ta ce mayafin nata ne, ita ta ɗinka, amma ba ta taɓa rufawa sai injin yana kashe, kuma yau tun safe ba ta shigo falon ba, tana kicin tare da masu aikin gida har suka tafi. Ta ce maganar ganin baya kuwa cikin fushi ta faɗa, wata uku da suka wuce. Ta rantse da Allah, ta sake rantsewa, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa.

Hajiya ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ta juyo wurin Rufa'i.

“Ɗana, mu ba mu san kan abin nan ba, kai ka sani. Ka duba, ka gaya mini abin da ya kashe shi. Ba don ɗana ba, ba don 'yata ba.”

Ya yaye mayafin, ya kwance gilashin. Bai buƙaci fitila ba. Sassan da ke gefen furosesar sun yi baƙi, ɗaya ya fashe, allon ya yi tabo ruwan ƙasa daidai inda ya san zai yi. Aikinsa ne, kamar ya sa hannu a takarda. Ya daɗe a sunkuye yana taɓa wayoyin da ba su da laifi. Abin da ke yawo a kansa shi ne, in ba mayafin ba ne, tambaya ta gaba ita ce wa ya taɓa injin a ƙarshe.

Ya miƙe ya ce zafi ne ya kashe ta, iska ba ta samu hanyar fita ba. Hajiya ta tambaye shi ko injin zai iya ƙonewa haka shi kaɗai, ba tare da an rufe shi ba. Ya ce da wuya. Ta ce ba da wuya ta tambaya ba, zai yiwu ko ba zai yiwu ba.

“Ba zai yiwu ba, Hajiya.”

Wasila ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

“Malam, yau na fara ganinka. Me na yi maka?”

Hajiya ta ce mata ta shiga ciki, ba ta ko kalle ta ba. Rufa'i ya ce zai tafi da allon da furosesar ya ga ko akwai abin da zai tsira. Da ya isa shago ya cire ɗan batirin allon don saitin ya goge, ya karya allon biyu, ya cusa cikin buhun tarkacen da masu gwangwan ke ɗauka.

Bayan kwana takwas wani mutum mai faɗin kafaɗa ya yi sallama a shagon, Wasila tana bayansa cikin dogon hijabi. Ya ce sunansa Haladu, yayanta ne, mahauci ne a unguwar Kabalaye. Ya zauna a bakin benci, ya yi magana a hankali kamar mai tsoron ya fasa wani abu. Ya ce Junaid ya sallame ta da saki ɗaya tun daren Juma'a. A da duk rigimar da aka yi Hajiya ce ke tsaya mata, wannan karon ta ce za ta iya zama da mai ɓarna amma ba za ta iya zama da mai rantsuwar ƙarya ba. Maganar ta zaga dangi. Mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aminiyarta ta shekara talatin ta daina ɗaukar wayarta. Ya ce ba rigima ya zo yi ba. Abu biyu yake roƙo: ko dai Rufa'i ya koma ya ce wa Hajiya bai tabbata ba, ko ya ba su allon su kai wa wani mai gyara ya duba.

Rufa'i ya ce allon an riga an zubar, kuma abin da ya gani shi ya faɗa.

Sai Wasila ta yi magana. Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ita ke share falon. Tun ranar da aka dawo da injin daga wannan shago fankarsa ta daina ƙara, kuma in ta zo wucewa ta gefensa sai ta ji huci kamar na bakin murhu. Ta ce ta gaya wa Junaid sau biyu, ya ce ta je ta ji da tukunyarta. Ta ce ko akwai wani abu a cikin gyaran da zai iya jawo haka, ko da kuskure ne, kowa yana kuskure.

Duk garin nan babu wanda ya matso kusa da gaskiya sai wannan matar. Tsoron da ya kama Rufa'i ya juye masa ya zama faɗa. Ya ɗaga murya yadda tela da masu shan shayi za su ji. Ya tambaye ta a wace makaranta ta karanta aikin injin. Ya ce shekararsa goma sha bakwai yana wannan sana'a, ba a taɓa kawo masa ƙara ba, sai yau wadda ta ƙona kayan mijinta ta rantse a kan ƙarya za ta zo ta shafa masa. Ya ce in tana neman wanda za ta jingina wa laifinta ta nemi wani, shi baƙo ne amma ba wawa ba ne.

Haladu ya miƙe. Rufa'i ya ɗauka dukansa zai yi, har ya ja baya. Amma mutumin ya dube shi kawai, ya ce wa ƙanwarsa su tafi. Tana fita mayafinta ya maƙale a ƙusar ƙofa, ta tsaya ta cire shi a hankali, mutane suna kallo.

Kwanakin da suka biyo baya Rufa'i bai ji daɗinsu ba. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Ya ƙona wayar wani da ƙarfen narka dalma, abin da bai taɓa yi ba. Abin da ya fi cin sa shi ne Junaid, wanda ya yi abin don ya cuta masa, ko gezau bai yi ba. Ya yi 'yan kwanaki yana wasa a gidan aboki, kwana goma sha biyu da ƙonewar kwamfutar ya shigo shagon da kwalaye, wani yayansa ya sa an kawo masa sabon allo da sabuwar furosesa daga garin Kusuri da ke tsallaken kogi. Fuskarsa har ta yi haske. Ya ce a haɗa, a kuma matsa mata kamar waccan.

Rufa'i ya daɗe yana jujjuya kwalin. Sannan ya ce akwai maganar da ke damunsa. Ya ce ya sake tunani a kan injin nan, kuma mai yiwuwa ba mayafin ba ne. Irin waɗannan ƙananan allunan sukan ƙone da kansu in zafi ya yi yawa. Ya ce ko za a gaya wa Hajiya haka, tunda idda ba ta cika ba.

Junaid ya dube shi, sai ya fashe da dariya, irin wadda ya yi a tsallaken titi. Ya tashi ya tura ƙofar shagon, ya dawo ya zauna kusa da shi har gwiwarsu na haɗuwa.

“Ai na san ba mayafin ba ne, Injiniya. Ni na rufa shi.”

Ya ba shi labarin yana murmushi. Ya ce ba masallacin da ya je. Yana tsakiyar wasa abin ya yi ƙara ya mutu, hayaƙi ya fito. Ya zauna yana kallonsa, ransa a ɓace, sai idonsa ya faɗa kan mayafin a ninke a hannun kujera. Shekara biyu yana neman hanyar rabuwa da yarinyar nan, kullum Hajiya ta tare ƙofa. Ya ce abu ɗaya ya ji tsoro, kada Rufa'i ya zo ya ɓata masa shiri da bayanin injiniyoyi. Har ya shirya abin da zai ce in hakan ta faru. Sai ga shi Injiniya ya yi masa abin da ko ɗan'uwa ba zai yi ba.

“Na san dalilinka. Ka ji tsoro kada a ce gyaranka ne. To ka kwantar da hankalinka, arhar banza ce ta mutu, ba laifin kowa. Ka rufa mini, na rufa maka. Amma in ka je wa Hajiya da sabon zance, ka tuna kai ka dubi idonta ka ce ba zai yiwu ba.”

Ya daki kafaɗarsa, ya buɗe ƙofa, ya ce zai dawo jibi.

Rufa'i ya zauna har la'asar ta wuce bai taɓa kwalayen ba. Bai taɓa zaton Wasila ta yi ƙarya da gangan ba, amma ya riƙa lallashin kansa da cewa wataƙila ta rufa ta manta, wataƙila mayafin ya taimaka ko da kaɗan. Yanzu wannan ma an ƙwace masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tsayar da kalando ya ce Goudji. Ya sauka a bakin layin, ya taka har ƙofar gidan. Yana jin muryar Hajiya a tsakar gida tana ba wani umarni a kan ruwa. Ya tsara maganar tun a hanya, amma duk ta inda ya ɗauko ta sai ta kai shi wuri ɗaya: za ta tambaye shi me ya sa ya ce ba zai yiwu ba, daga nan sai bayos, sai wutar da ya ɗura, sai fankar da ya rage. Ya tuna yayyen Junaid da mutanen da suka sani. Ya tuna ya riga ya kama ɗaki biyu, Ramatu tana haɗa kaya. Ya tsaya har wata mata ta fito da bokiti ta tambaye shi wa yake nema. Ya ce ya yi ɓatan gida ne. Da Larabci ya faɗa, kuma daidai ya faɗa.

Sabuwar kwamfutar ya haɗa ta da kyau, ya ƙara mata gudu daidai ƙarfinta, ya bar fankar tana juyi yadda ya kamata. Ba ta taɓa ba da matsala ba. Idda ta cika ba wanda ya je biko. Ya ji a bakin tela cewa an tura Wasila wurin gwaggonta a garin Abeche, don a unguwarsu mata sun sa ta gaba, ko rantsuwa wata ta yi a gidan biki sai a ce a bi a hankali kada a yi irin ta Wasila. Haladu yakan wuce ta Bololo da nama a bayan babur, bai sake duban shagon ba. Abokan Junaid kuwa suka yi ta zuwa, har Rufa'i ya fasa bango ya haɗa da shagon telan da ya tashi.

Ramatu ta iso ana saura mako uku Babbar Sallah. Washegarin layya wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu, direban ya sauke cinyar rago guda a cikin faranti, an rufe da farin ƙyalle. Ya ce daga Hajiya Hansatu, ta ce a gaida Injiniya, a gaya masa ba ta manta ba, samun mai faɗin gaskiya ko da ɗaci a wannan zamani sai an tona.

Ramatu ta yi ta sa albarka. Ta tambaye shi wace ce wannan Hajiya, ya ce uwar wani mai kawo masa aiki ce. Ta ce ashe mutanen garin nan suna da kirki haka, ita da ta zo da tsoronsu. Ta soya rabi, ta yi farfesu da rabi, ta zuba masa a babban kwano ta zauna tana yi masa fifita. Ya ci. Ta ƙara masa, ya cinye.